Zuma, danƙon amya, garin fure ko madarar sarauniya: wanne ya kamata a saya?

A da, idan aka ce kayan ƙudan zuma, abin da ake nufi bai wuce zuma da kaki ba. Yanzu kuwa, wanda ya leƙa shagunan magungunan Musulunci, ko ya bi tallace-tallacen da ke yawo a Facebook da WhatsApp, zai tarar da ƙananan kwalabe na ruwan furofolis, wato danƙon da ƙuda ke liƙe amyarsa da shi, da ƙwayoyin madarar sarauniya, wato farin ruwan da ƙuda ke ciyar da sarauniyarsa da shi, da gwangwanayen garin fure, har ma da man shafawa da aka ce an sa masa dafin ƙuda. Kusan kowannensu an rubuta a jikinsa cewa yana cike da sinadaran antioksidan, kuma kuɗin wasunsu ya ninka na zuma sau da dama. Magidancin da abin hannunsa bai taka kara ya karya ba ya cancanci ya san wanne ne aka gwada a jikin mutane aka ga amfaninsa, wanne ne kuma ƙarfinsa ya tsaya a kwalbar ɗakin gwaji, domin a kayan ƙudan zuma waɗannan abubuwa biyu sukan saɓa wa juna.

A yayin da jiki ke sarrafa abinci da iskar da muke shaƙa, yakan samar da wasu ƙananan sinadarai masu ɓarna, waɗanda ke cin kitse da furotin da ƙwayoyin gado, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfen da aka bari a waje da damina. Duk sinadarin da ke tare wannan ɓarna shi ake kira antioksidan. Jiki yana da nasa da yake yi da kansa, yana kuma samun ƙari daga ganyaye da 'ya'yan itatuwa. Mafi yawan wanda ake samu a kayan amya, wato dangin finol da fulabonoyid, ba ƙuda ke ƙera su ba, daga tsirrai yake kwaso su, shi ya sa ƙarfin kowane samfuri ya dogara da irin dajin da ƙudan ya yi kiwo a cikinsa.

Yadda ake auna wannan ƙarfi ba shi da wuya. A gwajin da aka fi yi, wanda ake kira DPPH, ana zuba wani ruwa mai launin shunayya a 'yar kwalba, a ɗiga masa abin da aka tatso daga zuma ko danƙo, sai launin ya fara koɗewa yana komawa ruwan ɗorawa, na'ura kuma ta auna yawan koɗewar. Matsalar ita ce cikin mutum ba kwalba ba ne: hanji ba ya tsotse yawancin waɗannan sinadarai, abin da ya shiga jini kuma hanta takan sauya shi, ƙoda ta fitar da shi. Saboda haka ne a shekarar 2012 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta janye jadawalin da ta wallafa na makin antioksidan na abinci iri-iri, bisa dalilin cewa kamfanoni na amfani da shi wajen talla alhali ba a tabbatar makin yana da alaƙa da lafiyar ɗan Adam ba. Kafin nan ma, a 1994, an bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙasar Finlan da maza masu shan taba sama da 29,000, inda waɗanda aka ba ƙwayoyin bita-karotin, wani antioksidan da ke ba karas launinsa, suka fi sauran kamuwa da kansar huhu da kashi 18 cikin 100. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya daina ɗaukar rubutun jikin kwalba a matsayin hujja.

Idan da makin kwalba za a bi, danƙon amya ne ke kan gaba da rata mai nisa, garin fure yana biye da shi, zuma da madarar sarauniya kuma suna can baya. Amma idan aka koma kan abin da aka gani a jikin marasa lafiya, zuma ce ke shige gaba.

Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, ruwan da ke cikinta kuma bai cika wuce kashi 17 zuwa 18 ba, don haka ƙwayar cutar da ta faɗa cikinta sai sukarin ya zuƙe mata ruwan jiki. Ga kuma tsami, wanda harshe ba ya ji saboda zaƙi ya rufe shi, amma ya isa ya hana yawancin ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa. Abu na uku shi ne wani inzayim, wato sinadarin da ke sarrafa wasu sinadarai, da ƙuda ke zubawa a ruwan fure, wanda idan zuma ta haɗu da danshin rauni yake fitar da haidirojin ferokzaid kaɗan-kaɗan, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis, sai dai a nan yana fitowa ne a hankali yadda ba zai ƙona nama ba. Zumar manuka ta ƙasar Niyu Zilan, wadda Farfesa Peter Molan na Jami'ar Waikato ya yi shekaru yana bincike a kanta, tana da ƙarin wani sinadari mai suna metilgilayoksal, wanda masu bincike a birnin Diresdin na Jamus suka tabbatar a 2008 cewa shi ne sirrin ƙarfinta. Ta fuskar antioksidan kuwa, an sha gano cewa zuma mai duhu ta fi fara, abin da ya kamata masu raina baƙar zumar daji su sani.

Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen asibiti ta tace su, ta duba gwaji 26 da aka yi da mutane sama da 3,000 a nazarinta na 2015, ta ga cewa ƙunar da ba ta yi zurfi ba takan warke da zuma kwana huɗu zuwa biyar kafin ta warke da kayan ɗauri na yau da kullum. A kan gyambon ƙafa da ke zuwa daga matsalar jijiyoyin jini kuwa ba a ga wani fifiko bayyananne ba. Nazari na biyu, na shekarar 2018, masu bincike 'yan Nijeriya ne daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Kalaba suka yi shi: sun tattara gwaji shida da aka yi da yara 899, suka ga zuma tana rage tari fiye da barin yaro ba magani, kuma ba ta gaza wani sanannen maganin tari na kanti ba. Musulmi ya riga ya san abin da aya ta 69 ta Suratun Nahli ta faɗa game da warakar da ke cikin zuma, kuma waɗannan gwaje-gwaje suna taimaka masa ya san a ina da kuma ta yaya zai nemi wannan waraka.

Akwai iyakoki uku da bai kamata a tsallake su ba. Zumar da ake sa wa rauni a asibiti an tace ta, an kuma kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta da wani haske mai ƙarfi da ake kira gama, don haka ba daidai ba ne a kwarara zumar kasuwa a rauni mai zurfi ko a ƙafar mai ciwon suga ana zaune a gida. Sannan jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma ko da lasawa ne, domin tana iya ɗauke da irin ƙwayar Clostridium botulinum, wadda hanjin babba ke iya shawo kanta amma a cikin jariri takan tsiro ta fitar da gubar da ke shanye jiki har numfashi ya gagara. Na san a gidaje da yawa kakanni kan lasa wa sabon haihuwa zuma da kyakkyawar niyya, kuma wannan al'ada ce da nake roƙon a jinkirta ta har yaro ya shekara. Na uku shi ne sukari. Babban cokali ɗaya na zuma yana da kimanin giram 17 na sukari, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2015, ta lissafa zuma cikin sukarin da bai kamata ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini ba, wato kamar giram 50 ga babban mutum. Maganar da ake yaɗawa cewa zuma ba ta tayar da sugan mai ciwon suga ba gaskiya ba ce. Wanda antioksidan kawai yake nema, zoɓo marar sukari da garin 'ya'yan kuka da gwaiba da zogale za su ba shi abin da yake so a kuɗi kaɗan.

Danƙon amya shi ne wanda na fi ganin yana da makoma, kuma shi ne wanda aka fi saurin yi wa ƙari a talla. Ƙuda yana kankaro ƙaro daga tohon itatuwa da inda ɓawo ya tsage, ya cuɗa shi da kaki, ya toshe duk wata kafa ta amya, ya ƙuntata ƙofa. Idan ɓera ko ƙadangare ya shiga suka harbe shi ya mutu, kuma ya fi ƙarfin su ja shi waje, sai su lulluɓe gawar da wannan danƙo har ta bushe ba tare da ta yi wari ba. Da zafi yana manne wa yatsa da wuƙa, da sanyin hunturu kuma yana ƙandarewa ya riƙa karyewa. A ƙiyasin da aka saba bayarwa, rabinsa ƙaro ne, kashi 30 cikin 100 kaki, kashi 10 mai mai ƙamshi, sauran kuma garin fure da tarkace, kuma an gano sinadarai sama da 300 a cikinsa.

Abin lura shi ne sunan ɗaya ne amma kayan ba ɗaya ba ne. Na Turai daga itacen fofla yake fitowa, yana ɗauke da finosembirin da galanjin da wani sinadari da ake taƙaita sunansa da CAPE. Koren danƙon Barazil daga tsiron Baccharis dracunculifolia yake, kuma sinadarin da aka san shi da shi artefilin C ne, jan danƙonsu kuma daga Dalbergia ecastaphyllum. Masu bincike na Jami'ar Strathclyde da ke Gilasgo sun nazarci wani jan danƙo da aka samo daga Bonny a Jihar Ribas, suka wallafa a 2016 cewa sinadaransa sun yi kama da na jan Barazil, kuma a ɗakin gwaji suna kashe Trypanosoma brucei, ƙwayar da ƙudan tsando ke yaɗawa, mai jawo ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu. Wannan labari ne mai faranta rai ga duk wanda ya san asarar da makiyaya ke yi, amma a kwalba aka gani, ba a jikin saniya ba. Wannan bambancin samfuri da samfuri ne ya sa a 2010 Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da iƙirarin lafiyar da aka gabatar mata a kan furofolis, tana mai cewa ba a fayyace takamaiman abin da ke cikinsa ba. Sakamakon da aka samu da danƙon Barazil ba zai zama shaida ga kwalbar da ba a ma rubuta ƙasar da ta fito ba.

Yadda aka tatso shi ma yana da tasiri. Sinadaran da ake nema ba sa narkewa sosai a ruwa, shi ya sa yawancin masana'antu ke jiƙa shi a itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin 100, wato barasa. Mai karatu Musulmi zai so ya duba wannan a jikin kwalba, hukuncinsa kuma na malamai ne. Akwai wanda ake tatsowa da ruwa ko gilaikol ko man zaitun, sai dai na ruwa ya fi rauni ta fuskar fulabonoyid. Inda ƙananan gwaje-gwaje suka nuna alamar amfani a jikin mutane shi ne baki da fata: ruwan kurkure baki don kumburin dasashi, man shafawa don ƙurajen zazzaɓi da ke fitowa a leɓe, da kuma saluɓewar baki da masu shan maganin cutar kansa ke fama da ita. Illarsa da aka fi sani ita ce ƙaiƙayi da kumburin fata, wanda ake yawan gani a hannun masu kiwon zuma, kuma wanda ke shan maganin tsinka jini irin su wafarin ya nemi shawarar likita kafin ya haɗa su. Abin takaici, da yawa daga masu kiwon zumarmu kankare shi suke yi su zubar saboda yana hana su buɗe akwati cikin sauƙi, alhali kaya ne da ake saye a kasuwar duniya.

Garin fure abinci ne, kuma gara a ɗauke shi a haka. Ƙuda yana dunƙula shi a ƙafafunsa na baya, mai kiwo kuma ya sa wata 'yar raga a ƙofar amya da ke kakkaɓe dunƙulen. Furotin ɗinsa yana kamawa daga kashi 10 zuwa 40 cikin 100 gwargwadon furen, yana kuma da kwasetin da rutin, waɗanda dangin fulabonoyid ne, amma kowace ƙwaya tana cikin wani ɓawo mai tauri da hanji ke wahalar fasawa. Wanda ƙuda ya cusa a saƙa ya yi tsami ya fi narkewa a ciki, kuma zumar gargajiya da aka matse da saƙarta ta riga ta ƙunshi wani abu daga cikinsa. Ɗanyensa yana da danshi sosai, idan ba a busar da shi da wuri ba fumfuna ke kama shi, har a samu gubar afalatoksin, kuma maganin ƙwari da aka fesa a gona yakan taru a cikinsa. Ga mai neman furotin, wake da gyaɗa da ƙwai sun fi araha nesa ba kusa ba.

Madarar sarauniya kuwa labarinta ne ke sayar da ita. Wani farin ruwa ne mai kauri da tsami, da ƙananan ma'aikatan ƙuda ke fitarwa daga cikin kawunansu. Duk tsutsotsi suna samun ta a kwana ukun farko, amma wadda za ta zama sarauniya da ita ake ciyar da ita har ƙarshe, ta girma ta fi sauran, ta riƙa saka ƙwai har 1,500 ko fiye a yini, ta rayu shekaru, alhali ma'aikaciya a lokacin aiki ba ta wuce kimanin mako shida. Daga nan ne masu talla ke tsallakawa su ce za ta ƙara wa mutum ƙarfi da haihuwa da tsawon rai. A 2011 wani masani ɗan Japan, Masaki Kamakura, ya ce ya gano furotin ɗin da ke mayar da tsutsa sarauniya, ya sa masa suna royalaktin, amma a 2016 wasu masu bincike a Jamus sun sake gwajin ba su samu wannan sakamako ba. Yawancin abin da ake faɗa game da haihuwa a jikin ɓeraye da zomaye aka gan shi. Kusan kashi biyu cikin uku na madarar ruwa ne, sinadarin da ake gane ta gaske da shi kuma shi ne 10-HDA, wanda ma'aunin duniya na 2016 ya ce kada ya gaza kashi 1.4 cikin 100. Ƙasar Sin ce ke samar da mafi yawanta. Tana da tsada domin kowane gurbin sarauniya ɗan mitsitsi yake bayarwa, ɗanyarta kuma sai a firji ko ƙanƙara take zama, wanda a yanayinmu na zafi da ɗauke wutar lantarki ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Mafi muhimmanci, ta taɓa kashe masu asma, har ƙasar Ostareliya ta wajabta rubuta gargaɗin haka a jikin kowane kwali. Mai asma ko borin jini ya nisance ta.

Dafin ƙuda kuwa ba kayan gida ba ne. Kusan rabin busasshensa melitin ne, wanda ke huda bangon ƙwayar halitta, kuma a 2020 masu bincike a birnin Perth na Ostareliya sun nuna yana kashe ƙwayoyin wata muguwar kansar mama a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye. Amma yadda yake huda ƙwayar kansa haka yake fasa jajayen ƙwayoyin jini. A 2018 likitoci a Sifaniya sun ba da rahoton wata mata mai shekara 55 da ta yi shekara biyu ana sa ƙuda ya harbe ta da sunan magani ba tare da matsala ba, rana ɗaya numfashinta ya sarƙe, daga baya ta rasu. Amfanin dafi da aka tabbatar shi ne allurar da ake yi wa masu mummunan borin harbin ƙuda kaɗan-kaɗan a asibiti don jikinsu ya saba. Haka nan jiƙon matattun ƙudaje da ake yi a Rasha da Yukiren, da niƙaƙƙun tsutsotsin mazan ƙuda da ake busarwa a Romaniya, sukan nuna ƙarfin antioksidan a kwalba, amma ƙudan da aka tsinta a mace yana iya kasancewa cuta ce ko maganin feshi ya kashe shi, don haka ba na ba kowa shawarar sha.

Saboda haka, uwar da yaronta mai shekara biyu ko fiye ke tarin mura da dare, ƙaramin cokali na zuma kafin barci shi ne zaɓin da ke da hujja, matuƙar babu zazzaɓi mai zafi ko sarƙewar numfashi da ke buƙatar asibiti. Mai fama da kumburin dasashi ko ƙurajen leɓe zai iya gwada furofolis a matsayin ƙari kan magani, bayan ya ɗan shafa a cikin hannunsa ya jira yini guda ya ga ko fata za ta tashi. Madarar sarauniya da garin fure kuwa, a ganina kuɗinsu ya fi amfani idan aka kai shi kasuwar kayan miya.

Tunda zuma ce zaɓin yawancin mutane, sauran aiki shi ne samun ta ƙwarai, kuma wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce: a 2023 Tarayyar Turai ta bayyana cewa cikin samfuri 320 na zumar da aka shigar mata, ana zargin kashi 46 cikin 100 da haɗin ruwan sukari. Gwajin ashana da na ɗigawa a kofin ruwa da na tururuwa ba sa bambance ta gaske da ta jabu, daskarewa kuma ɗabi'ar zuma ce mai yawan gulukos, ba alamar algus ba. Ko zumar da ba a haɗa ta da komai ba tana iya rasa ƙarfinta idan aka ɗora saƙar a wuta don a narke ta, ko aka jera kwalaben a rana a bakin titi, domin zafi da haske suna kashe inzayim ɗin nan da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Idan ta kamfani ce, a duba lambar NAFDAC. Idan daga hannun mai amya ce, a tambaye shi ko matsewa ya yi ko dafawa, a kuma tambaye shi ko saƙar da ya ɗiba ƙuda ya riga ya rufe bakinta da kaki, domin wadda ba a rufe ba ruwanta yakan haura kashi 20 cikin 100 da ma'aunin duniya ya yarda da shi, bayan 'yan makonni sai ta fara kumfa da warin tsami. Wadda aka samu mai kyau a zuba ta a kwalba busasshiya mai murfi, a ajiye ta a inuwar ɗaki, kada kuma a tsoma mata jiƙaƙƙen cokali.